Baba ya sha maganin tibi sau biyu bai warke ba, yanzu likita ya ce sai sikana

Maman Hanifa (Hawsare, Garwa):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema a kan mahaifinmu, don kaina ya ɗaure. Shekararsa 66. Kusan shekara uku ke nan yana tari, busasshe, babu jini, kaki ma da ƙyar ake samun ɗan abin gwadawa. A lokacin sanyi ya fara, sai muka ɗauka hazo ne. Aka yi masa radiyo, wato hoton ƙirji na X-ray, a wani asibiti, aka ce akwai tabo-tabo a huhu, aka ɗora shi a kan maganin tibi, wato tarin fuka, wata shida. Ni da hannuna nake ba shi kowace safiya, bai tsallake ko rana ɗaya ba. Tari bai tsaya ba. Bara aka sake maimaita masa wata shida. Gwajin kaki kuwa sau uku ana yi, har da na injin GeneXpert, ba a taɓa ganin ƙwayar cutar ba. Yanzu daga ƙofar gida zuwa masallaci sai ya tsaya sau biyu yana haki. Jiya wani likita ya daɗe yana sauraren bayansa, ya kama yatsunsa ya duba, ya ce shi bai ga tibi a nan ba, yana zargin huhun ne ke ƙandarewa, kuma ba zai rubuta ko ƙwaya ɗaya ba sai an yi sikana na ƙirji, wato hoton CT. Yayana ya ce cin kuɗi ne kawai. Don Allah wanda ya san wannan abu ya yi mini bayani. Me sikana zai gani wanda radiyo uku ba su gani ba?

Umaru (Domayo, Marwa):
Tunda kin kawo maganar zaure, bari in faɗi tawa da bakina kada a ce na ƙi Baba. Ban ƙi ba. Abin da na tambaya ɗaya ne. Likitan da kansa ya gaya miki idan tabo ya zauna a huhu ba ya gogewa. To me za mu saya da kuɗinmu? Hoton abin da ba shi da magani? Gara a sayi madara da nama a ba dattijo ya ji ƙarfin jikinsa.

Goggo Asabe (Garwa):
Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Malam lafiya. Na yi shekaru ina aikin jinya a sashen masu tarin fuka kafin in huta, kuma irin wannan labari ba baƙo ba ne a wurina. A ƙasarmu Kamaru duk wanda ya zo da tari mai tsawo, aka ga inuwa a radiyo, tibi ake fara tunani, kuma daidai ne a fara tunaninsa don shi ya fi yawa, shi ne kuma ke yaɗuwa a gida. Inda ake kuskure shi ne idan an ba da wata shida ba a ga sauƙi ba, kaki ya fito babu komai, maimakon a tsaya a sake tunani sai a sake zuba magani. Maganin nan ba alewa ba ne, hanta ce ke ɗaukar nauyinsa. Ni dai roƙona, ko me za ku yanke, kada wani ya ɗora shi a zagaye na uku ba tare da an ga ƙwayar cutar ba.

Sale mai hoto (Njamena):
Yaya Umaru, da girmamawa, bari in amsa tambayar Maman Hanifa tukuna, don aikina ke nan kullum. Radiyo inuwa ce. Kamar mutum ya tsaya bayan labule an haska fitila, za ka ga siffarsa amma komai ya hau kan komai: haƙarƙari, zuciya, jijiyoyin jini, huhu na gaba da na baya duk a faranti ɗaya. Sikana kuwa aikin mai kilishi yake yi, yana feɗe ƙirjin falle-falle, kowane falle a duba shi shi kaɗai. Ga ciwon da likitan nan ke zargi, fallen sai ya zama siriri ƙwarai, milimita ɗaya ko ɗaya da rabi. Kusan mutum ɗaya cikin goma masu irin wannan ciwo radiyonsu kan fito kamar lafiya lau alhali huhun ya fara lalacewa.

Amma ku kula da wannan, don a nan kuɗin mutane ke zubewa. Ba kowane sikana na ƙirji ba ne ya dace. Ku duba takardar likita ku tabbatar ya rubuta abin da yake zargi, ya kuma nemi yanka siriri. Idan an ɗauka da kauri, irin na neman ƙari ko rauni bayan haɗari, ƙananan zaren tabon sai su narke cikin hoton, a ce a sake. Wannan gwajin ba ya bukatar allurar ruwan da ake sa wa a jijiya, don haka ba sai ya ƙi cin abinci ba, kuma kuɗin bai kai na mai allura ba.

Umaru (Domayo, Marwa):
Malam Sale na gode, amma ba ka amsa tawa ba. Na yarda zai gani da kyau. Bayan an gani fa?

Dokta Aminu (Ngawundare):
Salamu alaikum. Yaya Umaru, tambayarka ita ce tambayar da ta dace, kuma ba zan rufe ka da kalmomin asibiti ba. Ban ga Baba ba, ban saurari ƙirjinsa ba, don haka abin da zan faɗa bayani ne a kan ciwon, hukunci yana hannun likitan da ya duba shi.

Gaskiya ne tabon da ya riga ya zauna ba ya komawa huhu. Amma ƙandarewar huhu ba ciwo ɗaya ba ce, ƙarshen hanya ce da cututtuka da yawa ke kaiwa gare ta. Akwai wadda ƙurar dutse ke kawowa. Akwai wadda ke biyo bayan ciwon gaɓoɓi ko ciwon da ke ƙandarar da fata. Akwai wadda magani ke haddasawa, kamar amiodarone na bugun zuciya, ko nitrofurantoin idan an daɗe ana sha don ciwon mafitsara, ko methotrexate na ciwon gaɓoɓi. Akwai wadda jiki ke yi wa kansa saboda wani abu da mutum ke shaƙa kullum a gida. Akwai kuma wadda an bincika ba a samo mata dalili ba, wadda ta fi kama maza da suka haura sittin, musamman waɗanda suka taɓa shan taba. Kowace tana da yadda take zana kanta a cikin huhu, kuma wannan zanen ne sikana ke nunawa.

Ita wadda ba a san dalilinta ba, tabonta yana taruwa ne a gindin huhu da gefe-gefe, dab da haƙarƙari. Za ka ga ƙananan ramuka jere kan jere kamar saƙar zuma, kowane bai fi milimita uku zuwa goma ba galibi, sannan hanyoyin iska sun buɗe sun karkace saboda tabo yana jan su ta kowane gefe. Idan an ga wannan zane cikakke, kuma tarihin mutum bai nuna wani dalili ba, ba sai an yanka ƙirji an ɗebo tsokar huhu ba. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin huhu na Amurka, Turai, Japan da Latin Amurka suka fitar a 2018 ta kasa abin da ake gani gida huɗu: tabbas shi ne, mai yiwuwa shi ne, ba a iya yankewa ba, ko kuma hoton yana nuna wani ciwon dabam.

Ga inda kuɗinka ke aiki. Maganin da ke taimakon wani nau'in yana iya kashe mai wani nau'in. A 2012 aka buga sakamakon wani babban gwaji a Amurka, inda aka ba masu nau'in da ba a san dalilinsa ba prednisone haɗe da azathioprine da wani magani na uku, haɗin da likitoci suka daɗe suna bayarwa da kyakkyawar niyya. Sai aka ga waɗanda suka sha sun fi mutuwa, sun fi kwanciya asibiti, dole aka dakatar da wannan sashe na gwajin. Alhali shi prednisone ɗin nan yana da amfani a wasu nau'o'in masu kumburi. Likitan da ya ce ba zai rubuta komai ba sai ya ga hoto, ni a wurina ya yi abin da ya kamata.

Hajiya Ladi (Birketari, Yawunde):
Dokta Allah ya saka da alheri. Ni tsorona hasken injin ne. Ana cewa yana ƙona jini, dattijo mai rauni zai iya ɗauka?

Sale mai hoto (Njamena):
Hajiya, haske akwai, ba za mu ɓoye ba. Radiyon ƙirji ɗaya kusan 0.1 ne a ma'aunin da muke kira milisibat. Sikana na ƙirji na yau da kullum yana kaiwa 6 zuwa 7, sabbin injuna kan yi ƙasa da haka. Kowane ɗan Adam kuma, ko bai taɓa shiga asibiti ba, yana ɗaukar kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama. Ke nan kamar na shekara biyu zuwa uku ne a tashi ɗaya. Ba ya ƙona jini, ba ya sa jiri, mutum zai tashi ya koma gida da ƙafarsa. Inda muke taka-tsantsan sosai shi ne yara da masu juna biyu da kuma maimaitawa ba dalili. Tun 1971 ake sa marasa lafiya a wannan inji, an san shi sarai.

Dokta Aminu (Ngawundare):
Maman Hanifa, ina da tambayoyi, ki amsa a nan ko ki ajiye wa likitansa, don hoton shi kaɗai rabin aiki ne. Wace sana'a Baba ya yi tun yana saurayi, duka, har wadda ya bari shekara talatin da suka wuce? Ya taɓa fasa dutse, haƙar rijiya, aikin siminti ko niƙa? Ya sha taba? Gaɓoɓinsa suna kumbura ko su ƙage da safe? Yatsunsa suna yin fari idan an yi sanyi? Wane magani ya daɗe yana sha? Akwai ɗakin da ke da laima ko hatsi mai fumfuna da yake shiga? Kuma akwai tsuntsaye a gidan?

Maman Hanifa (Hawsare, Garwa):
Dokta, tela ne tun tasowarsa, bai taɓa aikin dutse ba. Taba bai taɓa sha ba, goro kawai. Gaɓoɓi lafiya. Magani sai na hawan jini. Tsuntsaye kuwa, ai duk unguwa an san Baba da tattabaru. Sun fi sittin. Ɗakinsu yana jikin ɗakin kwanansa, tagarsa ma a kansu take buɗewa. Shi yake share musu da kansa kowace safiya bayan asuba, ba ya yarda yara su taɓa. Fiye da shekara talatin yana haka. Ba wanda ya taɓa tambayarmu wannan a asibiti.

Alhaji Ɗan'azumi (Garwa):
A'a, a nan kam zan sa baki. Ni da mahaifinku tare muka fara kiwon nan, tare muke zuwa kasuwar Pitowa ran Lahadi neman iri. Nawa sun fi nasa yawa. Shekarata 71, ina hawa babur, ban san tari ba sai na mura. Kada a ɗora wa tsuntsun Allah laifin da ba nasa ba. Ciwo daga Allah yake, kuma mutumin nan tattabarun su ne abin da ya rage masa na jin daɗi tun rasuwar mahaifiyarku. Ku yi hattara da abin da za ku taɓa.

Dokta Aminu (Ngawundare):
Allah ya ƙara girma Alhaji. Maganarka gaskiya ce, mafi yawan masu kiwon tattabaru har su tsufa ba abin da ke samun huhunsu. Ba guba ce a jikin tsuntsun ba. Farar ƙurar nan da ke jikin gashinsu, wadda ke manne wa hannu idan ka kama su, da busasshen kashinsu idan an share ya tashi, su ne ake shaƙa. A jikin mutum ɗari ba komai, a jikin wani kuwa sojojin jiki sai su ɗauke ta abokiyar gaba, su yi ta yaƙi a cikin huhu shekara da shekaru, filin yaƙin ya zama tabo. Kamar gyaɗa ce, gari duka na ci, wani ya ci jikinsa ya yi rudu-rudu. Ban ce shi ne ciwon Baba ba. Na ce dole mai karanta hoton ya san da tattabarun nan kafin ya buɗe shi, domin wannan nau'in yana iya yin kama da wancan da ba a san dalilinsa ba, har saƙar zumar ma yakan yi. Kuma a cikin nau'o'in duka, wannan ne wanda iyali ke da abin yi a hannunsu.

Sale mai hoto (Njamena):
To tunda haka ne, Maman Hanifa, ki sa likita ya ƙara a takarda cewa a ɗauki wasu fallaye bayan ya fitar da numfashi. A ciwon masu tsuntsaye ƙananan hanyoyin iska kan toshe, iska ta maƙale a wasu wurare. Idan mutum ya huro numfashi waje, lafiyayyen wuri yakan yi fari-fari, wurin da iska ta maƙale ya zauna baƙi, huhun ya fito dabbare-dabbare kamar zanen atamfa. Idan ba a ɗauki na fitar da numfashi ba, wannan alama tana iya wucewa ba a gani ba. Wani lokaci kuma mukan kifa mutum rub da ciki mu sake ɗauka, saboda idan yana kwance rigingine bayan huhu yakan danne da nauyinsa ya yi kamar ciwo. In an kifa shi ya washe, to ba tabo ba ne.

Sai abin da ya fi ba ni wahala da dattawanmu. Injin ko mai aikin yana ba da umarni da Faransanci ta lasifika, tsoho yana kwance shi kaɗai a ɗaki mai sanyi, bai ji me aka ce ba, sai ya ci gaba da numfashi ko ya riƙe rabi. Huhun da bai cika da iska ba yana fitowa da hazo-hazo kamar mai ciwo, a rubuta abin da babu. Ku koya masa a gida kwana biyu kafin ranar: ja numfashi har ƙarshe, riƙe, ƙirga goma, saki. Sannan fitar da shi duka, riƙe. Ku roƙi mai aikin ya faɗa masa da Hausa ko Fulatanci, ko ya bar ɗayanku ya tsaya wurin lasifikar. Kuma kada ku baro wurin ba tare da faifan CD ba. Takardar fim ɗin da ake bugawa hotuna kaɗan ne daga cikin ɗaruruwa. Hoton fim da aka ɗauka da waya a jikin taga aka tura WhatsApp, babu ƙwararren da zai iya yanke hukunci da shi.

Bala (Kusuri):
Ku gafarce ni in shigo da nawa. Na yi shekara huɗu a ramin zinariya a Kuri Bugudi, can iyakar Libiya. Muna fasa dutse a busashe, a niƙa shi ya zama gari, ka fito fari fat har cikin hanci, rawani kawai muke naɗewa. Cikin waɗanda muka yi aiki tare biyu sun rasu da tari bayan sun dawo gida, ba wanda ya kai arba'in. Ni ma yanzu in na hau bene sai na huta. Nawa ma sikana ne?

Dokta Aminu (Ngawundare):
Bala, Allah ya ji ƙan abokanka. Kai kada ka jira tara kuɗin sikana, gobe ka je a gwada kakinka a yi maka radiyo. Ƙurar dutsen da aka fasa sabo tana da kaifi a huhu fiye da hazon da iska ke kwaso mana daga Bodele ta Chadi, kuma rawani ba ya tare ƙananan ƙwayoyinta. Ciwon da take kawowa ya fi zama a saman huhu, ƙananan ƙulalai masu yawa, wani lokaci su haɗe su zama dunƙule, kuma radiyo mai kyau yakan nuna shi. Abin da ya sa nake gaggauta ka shi ne mai wannan ciwo haɗarin kamuwarsa da tibi ya ninka na sauran mutane kusan sau uku, su biyun kuma sukan zauna tare. Tibi ana warkewa, maganinsa kyauta ne. Ka gaya wa likitan aikin ramin da bakinka ko bai tambaya ba. In ya ga bukatar sikana daga baya, shi zai faɗa. Kuma kada ka koma ramin.

Goggo Asabe (Garwa):
In ƙara da wannan, don na san halinmu. Da an ji kalmar kumburi a huhu sai a aika yaro kasuwa ya sayo deksa, ƙwayar nan ta rage kumburi. Mutum zai ji daɗi sati biyu, ya ci abinci, fuska ta cika, a ce ya warke. In akwai tibi a ɓoye sai ya tashi da ƙarfinsa, ga sukari ga hawan jini. Bala, da kai nake. Maman Hanifa, ke ma ki sa ido a kan masu zuwa dubiya da ƙulli a aljihu.

Umaru (Domayo, Marwa):
Na karanta duka. Ban san akwai nau'in da ake iya tare shi daga gida ba. Na turo rabin kuɗin, ƙanwata ki duba wayarki. Sauran a jira ni zuwa Alhamis.

Maman Hanifa (Hawsare, Garwa):
Salamu alaikum. Kwana goma sha ɗaya ke nan, na dawo da labari. An yi, alhamdu lillahi. Mun yi ta gwajin riƙe numfashi a tsakar gida kamar yadda Malam Sale ya ce, mai aikin kuma ya yi masa magana da Fulatanci, sau ɗaya kawai aka sake saboda tari ya kama shi. Faifan yana hannuna. Takardar da Faransanci take, ga abin da na iya kwafowa: akwai "verre dépoli", akwai "piégeage", akwai "rayon de miel" kaɗan, a ƙarshe an rubuta "pneumopathie d'hypersensibilité fibrosante probable". Likitansa ya ce a kai shi wurin ƙwararren huhu, ya kuma ce a raba shi da tattabaru. Ban gaya wa Baba ko ɗaya ba tukuna. Dokta, mene ne wannan, kuma nawa ya rage masa? Ka gaya mini gaskiya.

Dokta Aminu (Ngawundare):
Wa'alaikumus salam. Na farkon yana nufin wuraren da suka yi hazo-hazo, kamar gilashin mota da ƙura ta rufe amma ana hango abin da ke bayansa. Sau da yawa wannan kumburi ne, kuma kumburi yana iya sauka. Na biyu iskar da ta maƙale ce da Malam Sale ya bayyana. Na uku saƙar zuma, shi ne tabon da ya zauna, ba zai tafi ba. Jimlar ƙarshe tana cewa mai karatun ya fi zaton ciwon abin da ake shaƙa ne, wanda ya riga ya fara tabo. Ki lura ya ce ya fi zato, bai ce tabbas ba, kuma haka ya kamata ya rubuta. Ƙwararren zai haɗa hoton da tarihin tattabarun, da gwajin jini na ciwon gaɓoɓi, da gwajin hura iska a bututu wanda ke auna yawan iskar da huhun ke ɗauka. Wannan awon ne za a riƙa maimaitawa bayan 'yan watanni a ga ko ciwon yana tafiya ko ya tsaya, ba sikana za a yi ta sakewa ba. A Yawunde asibitin Jamot ne aka sani da ciwon huhu, likitansa zai rubuta muku takardar turawa.

Nawa ya rage, babu mai gaya miki wannan daga takarda, ni ma ba zan ƙirƙira ba. In kin shiga intanet za ki ga ana cewa shekara uku zuwa biyar. Wannan lissafin na nau'in da ba a san dalilinsa ba ne, kuma an yi shi ne kafin a samu magungunan rage gudunsa. A nau'in da ake zargi ga Baba, abin da aka sani shi ne waɗanda aka gano abin da ke tayar musu da ciwon aka raba su da shi sun fi daɗewa a kan waɗanda ba a gano ba. Ciwo ne mai nauyi, ba zan sassauta miki ba. Idan ya ci gaba duk da an raba shi da tsuntsayen, akwai nintedanib da pirfenidone, waɗanda aka amince da su a Amurka a 2014 don nau'in da ba a san dalilinsa ba. Ba sa goge tabo, gudun lalacewar suke ragewa, suna da tsada sosai kuma samunsu a nan ba sauƙi. Na farkon yakan sa gudawa, na biyun yakan sa fata ta ƙi rana, abin dubawa ne ga mai zama a Garwa. Ba yau za a yi wannan maganar ba.

Ta yau ita ce ɗakin nan. Tsuntsayen su bar gidan gaba ɗaya, ba a matsar da su bayan gida ba. Ƙurarsu takan zauna a ɗaki watanni da yawa bayan sun tafi, don haka a yayyafa ruwa kafin a kwashe kashin, kada a share a busashe, a wanke bango, a fitar da katifa da labulen ɗakinsa. Baba kada ya kasance a gidan ranar, kuma in da hali ya koma wani ɗakin kwana nesa da wurin.

Umaru (Domayo, Marwa):
Ni a ganina kada a gaya masa. A ce masa an sayar don kuɗin magani, ko a ce cuta ta shiga cikinsu. In ya ji cewa abin da ya fi so ne ya cuce shi, zuciyarsa za ta karye kafin huhun.

Goggo Asabe (Garwa):
Umaru ɗana, ban goyi bayanka ba. Mutumin da ya aurar da ku duka ba yaro ba ne. In kun ɓoye masa dalili, ran Lahadi zai aiki jikansa Pitowa ya sayo wasu biyu, ko ya riƙa zuwa gidan Alhaji yana zama cikin nasa, ku kuma ba ku da bakin hana shi. Wanda zai kiyaye kansa sai ya san abin da yake gudu. A nemo wanda yake jin nauyinsa ya gaya masa a hankali.

Hajiya Ladi (Birketari, Yawunde):
In kun sa ranar tafiya ku sanar da ni, ɗaki yana nan. Ku hau jirgin ƙasa na dare daga Ngawundare, ku nema masa wurin kwanciya, kada ya kwana a zaune. Ku taho da faifan da tsofaffin radiyon duka uku da katin maganin tibi.

Maman Hanifa (Hawsare, Garwa):
Na gode Hajiya, Allah ya bar zumunci. Dokta, na san abin da zai fara roƙo. Zai ce a bar masa guda biyu kawai, farar nan da mijinta da ya raina tun suna ƙwai. Biyu ma ba za a iya ba?

Dokta Aminu (Ngawundare):
Ko ɗaya, Maman Hanifa. Jikin da ya riga ya ɗauki abin gaba, kaɗan ma yana isarsa. Na san da ciwo.

Alhaji Ɗan'azumi (Garwa):
Na yi shiru kwanakin nan ina karantawa. Har yanzu zuciyata ba ta gama yarda ba, amma ba zan yi jayayya da abin da aka gani a hoto ba, kuma na ga yadda yake tsayawa a hanyar masallaci. Ku bar mini maganar, ni zan gaya masa, ba a gaban yara ba. Tsuntsayen kuma kada a kai su kasuwa. Zan kai su gonata ta hanyar Pitowa, in rufe su sai sun yi ƙwai sun saba, in ba haka ba gida za su komo. Farar da mijinta zan ware musu wuri dabam, in riƙa ɗauko masa hotonsu a waya. Zan zo ran Asabar bayan la'asar da keji huɗu. A gaya wa yara kada su sake su da safe.